Babi na Shida: Idon da Ya Kwana a Rufe

"Likita, dokina ya wayi gari ido ɗaya a rufe, sai hawaye yake zubarwa. Wane magani zan ɗiga masa?"

Duk wanda ya taɓa aiki a asibitin dabbobi a Kano ko Katsina ko Zariya ya san wannan tambaya, musamman idan Sallah ta ƙarato an fara fita kilisa, ko hunturu ya kankama ƙura ta cika barga. Galibi ta waya ake yin ta, mai tambayar kuma sunan magani yake jira a faɗa masa ya aiki yaro kemis. Amsar da ta dace ba ta cika yi masa daɗi ba: kada a ɗiga komai tukuna, a shigar da dokin inuwa, a hana shi goga idon, likita ya zo ya gani yau ɗin nan.

Ga dalili. Cututtuka biyu ne suka fi makantar da dawaki: gyambon da ke fitowa a fuskar ido, da kumburin da ke tasowa daga cikinsa. Daga waje kamanninsu ɗaya. Ido a rufe, hawaye, ja, wani lokaci da hazo-hazo. Amma maganin da ke ceton ido a ɗayan, shi ne ke fasa shi a ɗayan. Abin da ke raba su kuwa wata 'yar takarda ce mai rini, wadda kuɗinta bai kai na damin harawa ba.

Me ya sa idon doki ba ya rabuwa da tsautsayi?

Allah ya yi wa doki ido babba, yana cikin mafi girma a dabbobin da ke tafiya a doron ƙasa, ya kuma ɗora shi a gefen kai, a turo waje. Da idanunsa biyu doki ke ganin kusan digiri 350 na abin da ke kewaye da shi ba tare da ya juya ba. Wuri biyu kawai ke ɓace masa: daidai gaban goshinsa, da daidai bayan wutsiyarsa. Halittar dabbar da ake farauta ke nan, wadda tsirarta a gudu take. To amma idon da ya turo waje shi ke fara gamuwa da ƙaya, da ƙusar da ta leƙo daga ƙyauren barga, da bakin bokitin ƙarfe, da tsinke idan doki ya cusa kai cikin dami, da jelar bulala idan hannun mahayi ya kuskure. Ga doki da firgita, abu kaɗan ya fizge kai.

Fuskar idon, wato fatar nan garai-garai da haske ke ratsawa, wadda likitoci ke kira koniya, kaurinta kusan milimita 1 ne kacal. Cike take da jijiyoyin jin zafi, amma babu hanyar jini ko ɗaya a cikinta. Ko'ina ciwo ya samu a jiki, jini ne ke kai masa ɗauki. A nan kuwa sai hanyoyin jini sun tsiro daga gefe, sukan yi 'yan kwanaki kafin su fara, sannan su rarrafa kimanin milimita 1 a yini. Faɗin koniyar doki ya haura santimita 3. Ashe gyambon da ya zauna a tsakiya zai yi mako biyu ko fiye yana jiran jini, alhali ƙwayar cutar Pseudomonas na iya cinye koniya ta huda ta cikin kwana ɗaya ko biyu.

Ƙari a kan haka, idon doki mai lafiya ma ba ya rabuwa da ƙwayoyin fumfuna irin Aspergillus, waɗanda yake kwasowa daga ciyawa da ƙurar barga. Suna nan zaune ba sa komai, har ranar da aka ƙwarzane musu hanyar shiga.

A fara daga nesa

Likitan da ya iso ya tafi kai tsaye ya kama fatar ido ya yi asarar rabin abin da zai gani. A tsaya gaban dokin, taku uku ko huɗu, a kwatanta idon dama da na hagu. Gashin idon doki mai lafiya a miƙe yake, yana kallon waje. Da zarar ido ya fara ciwo, gashin ya sunkuya ƙasa, tun kafin a ga hawaye. A lura ko ɗaya ya fi ɗaya girma, ko ya shige ciki, ko ramin da ke saman ido ya cike. A duba abin da ke zuba: ruwa ne tsararo, ko kwantsa mai kauri, ko mugunya.

Sai tambaya. Wanda ya san gaskiyar zance shi ne ɗan barga, don shi ke kwana da dokin. Amma a gaban maigida abin da za a ji shi ne, "Ranka ya daɗe, ba a sa masa komai ba." Gara a ja shi gefe, a tambaye shi cikin lumana: yaushe ya fara gani, idon ya taɓa yin haka, me aka sa, ina kwalbar. Sau da yawa sai ga ragowar maganin ciwon idon wani a gidan, ko kwalli, ko gishiri da aka hura.

Gwajin gani kafin allurar kwantar da hankali ake yin sa. A kai hannu wajen idon kamar za a doke shi, ba tare da an taɓa gashin ido ko an kaɗa iska ba. Doki mai gani zai ƙifta. Dukushin da bai yi mako biyu a duniya ba bai koyi wannan ƙiftawar ba tukuna, don haka kada a yanke masa hukuncin makanta. Daga nan a shiga wuri mai duhu da tocila mai ƙarfi. Baƙin da ke tsakiyar ido, ƙofar da haske ke shiga, a kwance take a doki, kuma idan aka haska ta ya kamata ta tsuke, ta ɗaya idon ma ta tsuke tare da ita. Idon da hazo ya rufe har ba a ganin cikinsa, in aka haska shi ɗaya idon ya amsa, to akwai sauran rai a cikinsa, ya cancanci a yi masa wahala. A saman wannan ƙofa akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle baƙaƙe masu reto. Halitta ce, suna tare hasken rana, kada sabon likita ya ɗauke su ƙari.

Kada a buɗe da ƙarfi

Tsokar da ke rufe idon doki ƙarfi gare ta na ban mamaki. Idan yana jin zafi ya matse, yatsun mutum ba za su buɗe shi ta daɗi ba. Haɗarin kuma ya wuce wahala: in akwai gyambo mai zurfi, dannawa da yatsa na iya fasa idon a hannun likita.

Saboda haka ake fara da allurar kwantar da hankali ta jijiya, zailazin ko detomidin. Idan dokin ya sauke kai, a tallafe haɓarsa a kan buhun dusa ko dami, kada kan ya yi ƙasa da yawa. Sai allura ta biyu, wadda ita ce sirrin aikin. Jijiyar da ke ba fatar ido umarnin rufewa tana haurawa ta kan ƙashin da ya taso tsakanin ido da kunne. In aka shafa yatsa a ƙololuwar ƙashin za a ji ta tana mirginawa a ƙarƙashin fata. Mililita 1 zuwa 2 na lidoken da siririyar allura a wannan wuri, cikin 'yan mintoci fatar sama ta saki. Wannan allura motsi kawai take kashewa, dokin yana nan yana jin zafi. In za a yi ɗinki ko wani aiki a fatar sama, akwai wata jijiyar ta jin zafi da ke fitowa ta wani ɗan rami a ƙashin saman ido, ita ma a kashe ta. Fuskar idon kuma ɗigon kashe zafi ake sa mata. Wannan ɗigo na bincike ne kawai. Ba a barin sa a hannun mai doki, domin yawan sa shi na hana koniya warkewa.

Akwai tsari a gwaje-gwajen, tunda wani na ɓata wani. In ana zargin bushewar ido, gwajin hawaye ne farko. In gyambon ya yi kama da wanda ƙwayoyin cuta suka shiga, a dangwalo samfurin da za a kai ɗakin gwaji kafin rini ya taɓa wurin. Bayan an kashe zafi, a ɗaga fata ta uku, wadda ke kusurwar ido ta wajen hanci, a leƙa bayanta, a juya fatar sama da ta ƙasa. Ƙaiƙayi da tsinke da ƙarangiya nan suke ɓuya, kuma muddin suna wurin, duk maganin da aka zuba asara ne. Wanda yake da na'urar auna matsin ido ya auna: a doki mai lafiya tsakanin 15 da 30 ake samu. Kumburin ciki na saukar da shi, hawan jinin ido na ɗaga shi. A ƙarshe, in ana son ganin can ƙuryar ido, ɗigon tirofikamaid na buɗe ƙofar haske cikin minti 20, ya sake ta bayan 'yan sa'o'i. Ba a amfani da atirofin don bincike, domin ɗigo ɗaya a idon doki mai lafiya na iya barin ƙofar a wangale har mako biyu.

Abin da rini ke faɗa

Takardar da muka ambata tana ɗauke da rinin fuloresin. A jiƙa ta da ruwan gishiri na asibiti cikin sirinji marar allura, a fesa a idon, a ɗauraye, a haska da shuɗin haske in akwai, in babu farin ma ya wadatar. Fatar waje ta koniya kamar ganyen gwaza take, ruwa ba ya kama ta, sai ya gangare. Naman da ke ƙarƙashinta kuwa shan ruwa yake yi. Duk inda fatar ta yage, rinin zai kama wurin ya zama kore shar. Wannan koren shi ne gyambo.

Sai dai rinin na da tarko biyu, kuma dukansu sun ci idanu da yawa. Na farko: in gyambo ya yi zurfi har ya kai fatar ƙarshe ta ciki, ita ma ba ta kama rini. Sai a ga zobe kore da baƙi wuluk a tsakiya. Mai gaggawa zai ce tsakiyar ta fara warkewa, alhali abin da ya rage tsakanin ruwan ido da waje bai kai kaurin gashi ba. Wannan aikin tiyata ne na ranar. Na biyu: wani lokaci fatar waje na rufewa a kan ƙwayoyin cuta, su zauna a ciki su tara ƙurji. Rini ba zai kama ba, amma za a ga tabo rawaya ko fari-fari a cikin koniya, ga zafi mai tsanani. Wannan ma a lissafin gyambo yake.

Kafin a tashi, a leƙa hancin dokin. Hawaye na bi ta wani siririn bututu daga kusurwar ido ya ɓullo a ƙasan ƙofar hanci. In koren ya bayyana a can cikin 'yan mintoci, bututun a buɗe yake. In bai bayyana ba, kuma idon na zubar da hawaye ba tare da zafi ba, wataƙila ƙura ce ta toshe shi, abin da ake yawan gani da hunturu. A zura ɗan tiyo ta hanci a wanke, shi ke nan.

Gyambo

Gyambo marar zurfi, wanda ƙwayoyin cuta ba su shiga ba, ba ya ba da wahala. Maganin kashe bakteriya na ido, kamar kuloramfenikol, sau uku ko huɗu a yini. Atirofin kashi 1 cikin 100, sau ɗaya ko biyu a yini har ƙofar haske ta buɗe, domin duk gyambo na jawo tsukewar ƙofar, kuma wannan tsukewar na ƙara zafin. Sai fulunisin, miligiram 1.1 ga kowane kilo, ta jijiya ko ta baki. Ba a yin sa a tsoka, don yana iya jawo mummunan ruɓewar nama. A sake sa rini bayan kwana biyu. Irin wannan gyambo cikin mako guda yake rufewa. Wanda ya wuce haka bai rufe ba, akwai abin da aka tsallake, a koma a sake dubawa daga farko.

Magungunan nan biyu suna da nasu sharaɗin. Atirofin na rage motsin hanji, doki kuwa ciwon ciki shi ne ajalinsa, don haka a ce wa ɗan barga ya riƙa lura da kashi, in ya ragu a tsayar da ɗigon. Dokin da ƙofar idonsa ke buɗe kuma ba a ɗaure shi a rana. Fulunisin na taɓa ƙoda da tumbi, musamman da bazara in dokin ba ya samun isasshen ruwa.

Yanzu ga abin da ya sa aka ce kada a ɗiga komai. Da yawa daga magungunan ido da ke kemis, irin su Maxitrol da Betnesol-N, haɗi ne na maganin bakteriya da sitiroyid. A inda suka dace magunguna ne masu kyau. A kan gyambo kuwa sitiroyid na danne garkuwar idon, ya hana fata rufewa, ya ba fumfuna fili. Muguntar abin ita ce kwana biyun farko idon yakan yi kyau: ja ya ragu, dokin ya buɗe ido, maigida ya yi murna. Zuwa mako sai ga fari ya mamaye. Garin neman gira an rasa ido. Mai doki ya koyi karanta jikin kwalba: duk sunan da ya ƙare da "sone" ko "solone", kada ya kusanci idon da ba a sa wa rini ba.

Gyambo mai narkewa wani abu ne daban. Ƙwayoyin cutar da ƙwayoyin jinin da suka zo yaƙarsu duk suna zubar da sinadaran da ke narkar da nama, sai koniya ta yi toka-toka, ta yi laushi, har ta fara zazzagowa. Wanda fumfuna ta shiga yakan yi busasshen tabo mai kaushi, wani lokaci da kwari zagaye da shi. A nan sai an kankaro ɗan samfuri an duba a madubin ƙara girma, don a san da wa ake faɗa. Maganin bakteriya mai ƙarfi, irin su sifirofuloksasin, da na fumfuna, borikonazol ko natamaisin ko mikonazol, ana sa su duk awa ɗaya ko biyu, dare da rana. Abin da ke tsayar da narkewar kuwa a jikin dokin yake. A ɗebi jininsa, a bar shi ya daskare, a tsame ruwan rawaya da ya taso sama, a riƙa ɗigawa. Kyauta ne, amma sai an adana shi cikin sanyi da tsabta, a sabunta shi duk 'yan kwanaki. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, kula da ƙanƙara ta fi firjin da ke kwana a kashe.

Wa zai ɗiga magani da ƙarfe biyun dare, a idon ingarman da tun rana ta uku ya gane abin da ake nufi da shi? Wannan tambaya ta fi zaɓen magani muhimmanci, kuma a ganina likitocinmu ba sa yin ta yadda ya kamata. Mafita ita ce siririn tiyo da ake hudawa ta fatar ido, bakinsa ya zauna a lungun da ke tsakanin fata da ido, a ɗinke shi a goshi, a kitse shi cikin geza har zuwa kafaɗa. Daga can ake tura ɗan magani, a bi shi da iska a hankali, ba tare da an taɓa kan dokin ba. A riƙa duba shi kullum, don in bakin ya zame zai goge koniya. Gyambon da ya ci fiye da rabin kaurin koniya kuwa, a tura shi asibitin koyarwa, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ko wani wurin da za a iya yanko jan naman gefen ido a ɗinke a kan ramin. Zai bar hakiya, amma idon na nan.

Ciwon da ke tafiya ya dawo

In rini bai kama ba, babu tabon ƙurji, amma ƙofar haske ta tsuke ƙam, ruwan cikin ido ya yi gurɓi, idon ya yi laushi, to kumburin ciki ne. Duka na kawo shi, cutar da ke yawo a jini ma na kawo shi. Amma akwai wani iri da ke lafawa ya dawo bayan makonni ko watanni, kuma shi ne kan gaba wajen makantar da dawaki a duniya. Tsohon ciwo ne. Vegetius, marubucin Rumawa na wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, ya yi bayaninsa, kuma mutanen da suna ɗora laifin dawowarsa a kan wata. Yau an san garkuwar jikin dokin ce ke juyowa ta yaƙi idonsa, kuma sau da yawa abin da ke tayar da ita ƙwayar Leptospira ce, wadda ake ɗauka daga ruwa ko abincin da fitsarin ɓera ko na shanu ya taɓa. Gado ma na da hannu: a Amurka an gano dawakin Appaloosa masu ɗige-ɗige sun ninka sauran kusan sau 8 wajen kamuwa.

A nan sitiroyid ne gwarzo. Firednisolon ko deksametason sau huɗu zuwa shida a yini, atirofin don kada bakin ƙofar ya manne da abin da ke bayansa, da fulunisin. Kuskuren da aka fi yi shi ne tsayar da magani ranar da ido ya buɗe. A ci gaba kamar mako biyu bayan alamun sun ɓace, ana ragewa sannu a hankali, ana kuma sa rini lokaci-lokaci, don doki na iya goge idonsa ya samu gyambo ana tsakiyar magani. Haka nan in ciwon ya dawo, kada ɗan barga ya ɗauko tsohuwar kwalba ya ce ai irin na wancan karon ne.

Kowace dawowa na barin ɓarna: mannewa, yanar ido, hawan jinin ido, daga ƙarshe idon ya motse ya shige. Abin da ya ci Doma kuma ba lallai ya bar Awe ba, don haka a riƙa duba ɗaya idon. A Jami'ar Jihar North Carolina, Brian Gilger da abokan aikinsa sun ƙirƙiro ɗan ƙwayar saikulosforin da ake dasawa a bangon ido ya yi shekaru yana aiki. A Jamus sun fi karkata ga tiyatar tsotse ruwan ƙuryar ido. Waɗannan sun yi wa yawancin dawakinmu nisa. Abin da ke hannunmu shi ne rufe rumbun abinci daga ɓeraye, hana shan ruwan kududdufi, da buɗe ido wajen saye. Wanda zai sayi doki a kasuwa irin ta Maigatari ya tafi da tocila. Ƙofar haske mai karkataccen baki, ƙulle-ƙullen sama da suka shanye, ido ɗaya da ya fi ɗan'uwansa ƙanƙanta, fatar sama mai lanƙwasa kamar kusurwa: duk sawun tsohon kumburi ne, ko da a ranar idon garau yake.

Fata, ƙudaje da rana

Fatar ido in ta yage tana reto, hannu na ƙaiƙayin ɗauko almakashi. Kada a yanke. Jini na isar ta sosai, ko ta kwana ta yi baƙi-baƙi takan rayu in aka ɗinke, kuma babu wata fata a jiki da za ta maye gurbin bakin fatar ido. A wanke da ruwan aidin da aka tsarma, kashi 1 cikin 50 na ruwan gishiri, ban da mai kumfa, ban da kulohekzidin, don yana ƙona koniya. A yi ɗinki hawa biyu, a daidaita bakin tsaf, ƙullin zare ya kauce wa ido. A yi allurar tetanos, a kuma sa rini, don abin da ya yaga fata da wuya ya bar abin da ke ƙarƙashinta.

Da damina ƙudaje kan ajiye 'ya'yan tsutsar Habronema a kusurwar ido, wurin ya yi miki mai tsiro da ƙaiƙayi, da 'yan tsakuwoyi rawaya a ciki. Aibamektin, miligiram 0.2 ga kowane kilo, da rage kumburi, da kwashe kashi daga barga, da ragar rufe fuska. Sai dai sankarar fatar ido ma haka take farawa, musamman a kili da danda masu jan fata a gefen ido, waɗanda rana ke ƙonawa. Mikin da bai ji maganin tsutsa ba, a yanko ɗan yanki a kai gwaji. In a fata ta uku take kuma an kama ta da wuri, cire fatar gaba ɗaya kan wadatar.

Idan ciwon ba na ido ba ne

Wani lokaci ido ɗan aike ne kawai. Ramin saman ido ya cike ya kumbura a ɓangarorin biyu, ga zazzaɓi, ga ƙarshen damina: a yi zargin annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa. Tana iya kashe 9 cikin 10 na dawakin da ba su da rigakafi, kuma wajibi ne a sanar da hukumar dabbobi. Naman ido ya yi rawaya kamar mai shawara, da ɗige-ɗigen jini a fata ta uku: cutar kaska ce ta fi kusa. Sammore na kawo hazo a ido tare da rama. Dokin da fatarsa ta uku ke fallowa ta rufe ido da an taɓa fuskarsa, jikinsa a sandare, tetanos ke damunsa. Saboda haka ma'aunin zafi na cikin kayan duba ido.

Ranar da ido ya tafi

Idon da ya fashe, ko ya makance kuma bai daina zafi ba, cire shi jinƙai ne. Masu doki na ƙin jin haka, musamman dokin hawan Sallah da kyansa ne darajarsa. Amma ana yin aikin dokin na tsaye, da allurar kwantar da hankali da ta kashe zafi, kuma cikin 'yan kwanaki za a ga dabbar da ta rame ta koma cin abinci. Doki mai ido ɗaya na sabawa, in ana yi masa magana kafin a tunkare shi ta ɓangaren da ba ya gani. A 2017 wani doki mai suna Patch, wanda aka cire wa idon hagu, ya yi sukuwar Kentucky Derby a Amurka, ya kuma zo na uku a ta Belmont. Ƙwallon dawaki ce dai doki mai ido ɗaya ba zai koma ba, don dokokin Ƙungiyar Hurlingham ta Ingila, waɗanda ƙasashe da yawa ke bi, sun hana shigar da doki mai makantar ido ɗaya fili.

Akwai kuma dokin da za a wanke wa bututun hawaye yau, bayan mako ya sake toshewa, kullum ɓangare ɗaya, wani lokaci da majina mai wari a hancin wannan gefen. Bututun nan ta cikin ƙashin fuska yake bi, kusa da kogon da saiwoyin turamen haƙora ke ciki, kuma ruɓaɓɓen haƙori ɗaya ya isa ya matse shi. A babi na gaba za mu buɗe bakin doki, mu ga haƙoran da ba sa daina fitowa har tsufa, da kaifin da suke yi su yanki kunci, da irin ɓarnar da linzami ke yi wa harshe da dasashi.